Rigar Ɗan Dako

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Litinin aka kira Sufeto a waya, aka ce an yi sata a kotun 'yan sanda. Katanga ɗaya ce tsakanin ofishinsa da kotun, don haka da ƙafa ya tafi, yana mamakin ɓarawon da zai bar kasuwa ya shigo inda ake ɗaure ɓarayi.

Rajistara ta tare shi a baranda. Ita ce shugabar ma'aikatan kotun, duk takardar da ta shiga ko ta fita sai ta bi ta hannunta. Yau ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Shaida mai lamba goma sha bakwai, Yallabai. Babu ita."

"Mece ce ita?"

"Riga. Ta ɗan dakon nan da mota ta buge bara a bakin tasha. Mai motar ya rantse ba shi ba ne, amma akwai fentin motarsa a jikin rigar. Lauyansa ya ce bai yarda da gwajin farko ba, Majistare ya ba da umarni a sake. Yau ƙarfe goma mutanen ɗakin gwaji za su zo su karɓa."

"In babu rigar fa?"

Ta buɗe hannuwanta. "Babu shari'a."

Ɗakin ajiyar kayan shaida yana can ƙarshen baranda, ba taga, sai ƙwan lantarki ɗaya. Sufeto ya duba kwaɗon ƙofar, bai ga ko ƙwarzane ba. A kan kantoci akwai wayoyi kusan talatin, da janareta, da sarƙar gwal a cikin ambulan. Babu wanda aka taɓa.

Ledar lamba goma sha bakwai tana nan a mazauninta. An yanka gefenta da reza, an zare rigar, an ninke ledar an ajiye, takardar hatimin tana sama.

Sufeto ya jima yana kallonta. Wanda aka saya don ya kashe shari'a, har leda da hatimi zai kwashe, ya watsa a kwata. Wannan ɓarawon kuwa kamar haƙuri ya zo bayarwa.

Mai kula da ɗakin dattijo ne, kowa Baba Mai Sito yake ce masa. Yana zaune a kan benci, hularsa a gwiwa.

"Baba, makulli nawa ne?"

"Ɗaya tak. Ga shi."

"Yana barin jikinka?"

"Shekara ashirin da shida, ko wanka zan yi da shi nake shiga."

"Ranar Juma'a ma?"

"Har Juma'a."

Sufeto ya dubi ɗan yatsan dattijon, inda aka manna auduga da filasta. "Wa ya huda maka yatsa?"

Baba Mai Sito ya ja hannunsa ya ɓoye ƙarƙashin hula. Can ya yi ajiyar zuciya.

"Ciwon suga ne, ɗana. Litinin da Juma'a nakan tsallaka asibiti a duba jinina. Ban faɗa wa Rajistara ba, kada a ce na tsufa a sallame ni. Minti arba'in ne kawai."

"Makullin fa?"

"Ina barinsa a aljihun kwat ɗina, a rataye a ɗakin shan shayi."

"Wa ke shiga ɗakin?"

"Mu duka. Daga akawu har mai shara."

Saje mai gabatar da ƙara yana ofishinsa yana huci. Shi ne ya yi watanni goma sha huɗu yana jan shari'ar nan.

"Yallabai, ba sai an wahala ba. Wa zai ci riba? Mai motar. Ka kama lauyansa ka matsa shi."

"Lauyan ya shigo ranar Juma'a?"

Saje ya sosa ƙeya. "A'a. Ya yi tafiya tun Laraba."

"Ba ni littafin zaman kotu."

Akawu ya kawo. Aikinsa ke nan, rubuta duk abin da aka faɗa a gaban Majistare, kuma rubutunsa kamar na inji. Sufeto ya bi shafukan da yatsa. An ɗage shari'ar sau goma sha ɗaya: yau lauya ba lafiya, gobe shaida bai zo ba, jibi babu wuta. A ƙarshen kowane zama kuwa akwai layi guda da bai taɓa canzawa ba: "Mahaifiyar mamaci ta yi roƙo ta bakin tafinta. Kotu ta ce sai bayan hukunci."

Sau tara layin ya fito. A zama biyu na ƙarshe babu shi.

"Me take roƙo?"

"Ba zan iya tunawa ba, Yallabai," in ji akawu. "Tun zama na biyu Majistare yake ɗaga hannu kafin a gama fassarawa. Ni abin da na ji nake rubutawa. Tafinta ne kaɗai yake jin yarenta."

Sufeto ya sami Tafinta a cikin zauren kotun, tsaye kusa da akwatin shaida, inda yake tsayawa kullum. Siririn mutum ne mai furfura a gefen kai, harsuna biyar a bakinsa. Sufeto ya san shi tun yana kurtu. Ranar da ya fara ba da shaida a kotu, wannan mutumin ne ya raɗa masa, "Dubi Majistare, kada ka dubi lauya."

"Malam, me tsohuwar nan take roƙo?"

"Adalci, Yallabai. Abin da kowa ke roƙo."

"Sau tara?"

"Uwa ce."

"Me ya hana ta zuwa zama biyu?"

"Ban sani ba."

"Ka san gidanta?"

"Ina zan sani? Aikina daga nan ne zuwa nan." Ya nuna akwatin shaida, ya nuna kujerar Majistare. Amma bai ɗaga ido ba, shi da ya koya wa mutane kallon ido.

Adireshin yana cikin fayil. Sufeto ya hau babur ɗin ofis, ya bi ta bayan tasha, ya shiga wani lungu da mota ba ta shiga. Gidan haya ne mai ɗakuna takwas da famfo ɗaya. A ƙofar ɗakin ƙarshe an shimfiɗa tabarmi, mata uku suna zaune shiru. Tun kafin ya yi tambaya ya gane.

"Jiya da hantsi," in ji wata mata mai goyo, maƙwabciyarta. "Wata biyu tana kwance. Ba ta da kowa a garin nan sai yaron, shi ya ɗauko ta daga ƙauye. Mu ma da hannu muke magana da ita."

"Allah ya jiƙanta. Akwai wanda ya zo wurinta kwanan nan?"

"Sai ƙanenta na kotu."

"Tana da ƙane?"

"Haka muke ce masa. Shi kaɗai ke jin maganarta. Duk Asabar yana zuwa da magani da 'ya'yan itace. Ranar Juma'a da la'asar ya zo da ƙunshi. Yallabai, matar da ta yi sati uku ba ta tashi zaune ba, sai ga ta ta rarrafo har bakin famfo."

"Ta yi me?"

"Wanki. Muka ce ta kawo mu yi mata, ta ƙi. Da hannunta ta wanke, sau uku tana canza ruwa."

Ta shiga ɗakin ta fito da riga. Shuɗiya ce mai kauri, irin ta masu ɗaukar kaya, kafaɗunta sun koɗe. An ɗinke yagar da ke gefenta da baƙin zare, ɗinkin hannu mai rawa. Tana ƙamshin sabulu. Sufeto ya juya ta gaba da baya a cikin rana. Babu jini, babu fenti.

"A ƙirjinta muka same ta," in ji matar.

Ƙarfe goma da kwata ya dawo kotu. Mutanen ɗakin gwaji sun zo sun tafi. Ya kira Tafinta zuwa ofishin Rajistara, ya rufe ƙofa, ya ajiye rigar a kan tebur.

Tafinta ya dube ta. Ya kai hannu ya shafa ɗinkin.

"Ta ɗinke," ya ce a hankali.

"Ta kuma wanke, Malam."

Tafinta ya ja da baya. Ya zauna a kujerar baƙi ba tare da an ce ya zauna ba.

"Na ce mata kada ta sa mata ruwa. Wallahi na faɗa mata, sau biyu. Na ce ta riƙe ta kwana biyu, Litinin da sassafe in zo in mayar. Da na je yau na tarar da tabarmi a ƙofa, na kasa shiga."

"Me ya kai ka?"

"Yallabai, ka san me take faɗa duk zama? 'Ku ba ni rigar ɗana in wanke masa. Bai taɓa kwana da datti ba.' Shi ke nan. Ba ta taɓa tambayar shekara nawa za a ɗaure mai motar ba. Ni nake karɓar maganar daga bakinta in miƙa sama, ni nake karɓo amsar in miƙo mata. Sau tara da bakina na ce mata a'a. Majistare ya faɗi nasa ya tashi, lauya ya shiga mota, ni take kallo."

Rajistara ta juya fuskarta wajen taga.

"Asabar ɗin da ta gabaci Juma'ar nan ta kama hannuna ta ce, 'Ƙanena, ba zan kai ranar hukuncin nan ba.' Na san inda Baba yake rataye kwat. Ni na ɗauka, ni na yanka ledar. Baba ba shi da laifi, a rubuta wannan."

"Ka san abin da ka jawo? Mutumin da ya kashe ɗanta zai fita ta ƙofar gaba."

"Na sani."

"Shekara nawa kana aiki a nan?"

"Goma sha tara." Ya share ido da bayan hannu. "Na rantse zan faɗi abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Ban taɓa karyawa ba. Ba a rantsar da ni kan abin da zan yi da shi in na koma gida ba."

Sufeto ya ɗauki biro. Ya rubuta jawabin da kansa, ya karanta masa, Tafinta ya gyara kalma ɗaya ya sa hannu. Ankwa tana aljihun Sufeto, a can ya bar ta.

Da suka fito baranda, sai Tafinta ya tsaya.

"Yallabai, alfarma ɗaya. Shari'a ta uku yau, akwai wata baiwar Allah da aka kama mijinta. Ba mai jin yarenta sai ni. Minti goma ne."

Sufeto ya dubi Rajistara. Ta girgiza kai, idonta ya yi ja.

"Wanda ake tuhuma ba ya tsayawa tafinta," ta ce. "Sai dai a ɗage."

Matar tana zaune a ƙarshen benci, da jariri a cinya da takarda a hannu. Da ta hango Tafinta sai fuskarta ta washe, ta miƙe ta yi masa magana da yarensu. Ya amsa mata da 'yan kalmomi, muryarsa ƙasa ƙasa. Ta koma ta zauna a hankali.

"Me ka ce mata?" in ji Sufeto.

"Na ce ta yi haƙuri, ta dawo wani makon."

Sufeto ya kama gwiwar hannunsa, ba da ƙarfi ba, suka bi ta ƙaramar ƙofar da ake bi da masu laifi.