Bugun Biro Sau Biyu

"Tsaya! Wai ba ka gani ne? Ka wuce!"

Auta ta fizge kwalbar daga hannunsa ta ɗaga sama. Ruwan ciki ya rine jawur kamar jambaki, alhali abin da malamarsu Dakta ta ce a nema shi ne ruwan hoda mai haske, wanda da ƙyar ido ke kamawa.

Karo na uku ke nan da safiyar nan. Aikin kuwa shi ne farkon abin da ake koya wa 'yan shekarar farko a ɗakin gwajin kemistiri. Asid a kwalba da ɗigo biyu na maganin nuna launi, ruwan soda a dogon bututun gilashi mai layukan awo. Ka riƙa sakin sodar ɗigo-ɗigo kana kaɗa kwalbar, launi na ɓullowa ka rufe famfon, ka karanta lamba. Da lambar ake lissafa ƙarfin asid ɗin. Ɗigo ɗaya ya wuce, aiki ya ɓaci.

"Duk ajin nan a rasa wanda za a haɗa ni da shi sai mai maimaita shekara!"

Bakin Auta dama ya fi hankalinta sauri. Sai da maganar ta fita ta ga yadda Dogo, kamar yadda kowa ke kiransa, ya sunkuyar da kai.

"Ba na ganinsa," ya ce a hankali.

"Me?"

"Launin. Mai hasken nan, wallahi da shi da ruwan famfo duk ɗaya ne a idona. Haka aka haife ni. Shi ya kayar da ni bara, in na sake faɗuwa kuma kora ce... Bari kawai in je in faɗa wa Dakta, a yi ta ta ƙare."

Ta riƙo hannun farar rigarsa.

"Kana hauka? Harhaɗa magunguna fa kake son karantawa! Ka faɗa su ce mai irin idonka ba ya riƙe magani? Rufe bakinka. In na ga launin zan buga biro sau biyu a tebur, kai dai ka rufe famfo."

Ta buga. Ya rufe. Ranar lambarsu ta fi ta kowa daidai.

Daga nan abu ya zama ciniki. Ita lissafin mol, ma'aunin yawan sinadari, ke sa ta ciwon kai, shi kuwa kamar ruwa yake sha. Kullum bayan la'asar suna kan matakalar laburare, yana daidaita mata lissafin sinadarai, tana masa tsiya kan safarsa, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa, shi kuma ya rantse iri ɗaya ce. Ba ta san ranar da ya daina kiranta Auta ba.

"Idona, in babu ke ya zan yi?"

"Ka yi ta zuba soda har kwalba ta cika," ta ce tana dariya, zuciyarta na narkewa.

Zance ya isa gidan su Auta ta bakin Yaya, wanda ba ya iya riƙe magana ko ta kwana ɗaya. Baba ya ajiye tabarau a kan jarida.

"Wanda ya kasa tsallake shekarar farko, da me zai riƙe min 'ya? Ya ci jarrabawa ya shiga sashen magunguna, sannan manyansa su zo. In ya sake faɗuwa, kada in ƙara jin zancensa a gidan nan."

"Zai ci, Baba."

"Allah ya sa."

Akwai kuma shugabar aji, wadda ta daɗe tana kawo wa Dogo takardun darasi ba tare da ya roƙa ba. Wata rana ta tsaya a bakin teburinsu tana murmushi.

"Wannan biron naki akwai surutu, 'yar'uwa."

Auta ta harare ta, ta manta da zancen.

Ana gobe jarrabawar gwaji Dogo ya tare ta a ƙofar laburare.

"Gobe kowa shi kaɗai zai yi. Kada ki buga, Idona. In aka kama ki, ke ma kora ce. Ki min alkawari."

"To kai fa?"

"Zan sa farar takarda a ƙasa, in zura ido. Allah na nan."

Ta yi alkawarin da baki, a ranta kuwa ta riga ta karya shi.

Da safe aka ba kowa asid ɗin da bai san ƙarfinsa ba. Teburinsu ɗaya kamar kullum, kwalbarsa na gefen idonta. Sai dai Dakta, wadda ta saba zagaya ɗaki, yau ta zo ta tsaya a bayan Auta ƙyam, ta harɗe hannu, idonta a kan biron. Can gaba shugabar aji ta waiwayo sau ɗaya ta juya.

Ɗigo... ɗigo... launin ya ɓullo a kwalbarsa, siriri, kyakkyawa, daidai yadda ake so.

Auta ta ɗaga biron. Ta ji numfashin Dakta a bayanta. Ta tuna fuskar Baba, ta tuna takardar kora. Hannunta ya sandare.

Shi da ya ce kada ta buga, sai ga shi ya ɗan karkato ido ya kalli hannunta. Kallo ɗaya tak. Sannan ya mayar da kai, ya ci gaba da sakin soda.

Sau uku ya yi, sau uku ya wuce.

Ranar da aka kafe sakamako, aka ga Dogo ya faɗi, Auta ta shiga ofishin Dakta tana kuka, ta zayyane komai.

"An kawo min tsegumin biro, shi ya sa na tsaya," in ji Dakta. "Na ɗauka ragwanci ne. Ashe ido ne?" Ta miƙe ta buɗe kabad, ta ɗauko wata 'yar na'ura mai sanda da allon lambobi. "Kin ga wannan? A kwalba ake tsoma ta. Lamba take nunawa, ba ruwanta da launi. Da ya faɗa min tun makon farko, da ita zai yi jarrabawarsa. Na ba wasu kafin shi, suna can suna aikinsu. Me ya hana shi magana?"

Auta ta kalli na'urar, ko tafin hannu ba ta cika ba.

"Ni ce."

"Yanzu sakamako ya bar hannuna, 'yata. In na tayar da maganar, sai a binciki aikinku na zangon duka, ke ma ki bi shi."

Baba bai ko ɗaga murya ba. "Na faɗa miki," kawai ya ce, ya buɗe jaridarsa.

Ta sami Dogo a tasha da rana tsaka, jaka ɗaya a kafaɗa, farar rigarsa a ninke cikin leda.

"Ka ce za ka faɗa, ni na hana ka! Kuma da ka kalle ni ban buga ba... Ka zage ni mana, don Allah ka ce wani abu!"

"Da kin buga, da mu biyu ne a tashar nan." Ya miƙa mata ledar. "Ta yi miki tsawo, ki naɗe hannun. Ki kula da mol, har yanzu kina manta raba shi da lita."

"Zan jira ka."

"Kada ki jira, Idona. Mahaifinki bai yi ƙarya ba."

Mota ta cika, ya shiga. Bai waiwayo ba, ta kuma san dalili.

A shekara ta biyu aka haɗa ta da wata yarinya mai kaifin ido. Ranar gwajin farko Auta na tsaye cikin farar riga mai naɗaɗɗen hannu, abokiyar aikinta na kaɗa kwalba. Launin ya ɓullo, yarinyar ta rufe famfo da kanta tun kafin a ce mata komai.

Biron Auta ya sauka a tebur sau biyu.

"Kin ce wani abu ne?" yarinyar ta tambaya.

"A'a," ta ce, hawaye na ɗiga kan littafinta. "Karanta lambar."