Takabar Zuhaira da Maganin Fara

Kwana arba'in da bakwai ke nan Zuhaira tana zaman takabar mijinta Safiyanu, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, ranar da motar jandarma ta tsaya a ƙauyensu na ƙasar Belbeji da hantsi. Tana kan tabarma tana shayar da 'yarta Kadi, jaririya 'yar wata bakwai, sai ta ji ana ƙwala mata kira da muryar da ba ta masu ta'aziyya ba. Innalillahi! Mace mai takaba a ce ta fito tsakar gida gaban baƙin maza, ƙafa ba takalmi...

Zuhaira marainiya ce, ba uwa ba uba. Abin da ta mallaka a duniya bayan Kadi shi ne wani kati mai hotonta da ma'aikatar noma ta ba ta, bayan an koya mata feshin maganin fara. Maganin nan guba ne mai ƙarfi, shi ya sa ba a sayar da shi ga kowa sai mai kati, hannu da hannu. Shekara uku tana ceton geron mutane da shi, ko kaza ba ta taɓa mutuwa a sanadinta ba.

Babban jandarman ya ce, "An sayar da busasshiyar fara a kasuwar Belbeji, mutum goma sha tara suna kwance asibiti. Da guba aka kashe farar, kuma da katinki aka sayo maganin a Tanout."

"Ni? Katina?" Ta ruga ɗaki ta zazzage akwatinta, kati ya ce ɗauke ni inda kika ajiye! Kafin ta fito, an zaƙulo jarka huɗu daga bayan rumbunta, duk wayam, suna warin magani.

A cikin masu salati babu wanda ya kai Barmo ɗaga murya. Wan marigayin ne, kuma tun ranar rasuwar shi ke shiga yana fita da sunan kula da kayan marayu. Ya tafa hannu ya ce, "Zuhaira! Ashe haka kike? Ƙanena ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!" Kai, wannan mutum bai da kunyar Allah! Ga shi cikin masu jinyar har da 'yarsa Asibi, 'yar makaranta a Belbeji, wadda ta sayi farar ta ci ba ta san komai ba. Da Inna Tabawa, mahaifiyar su Barmo, ta ji haka, sai ta fizge Kadi daga ƙirjin uwarta.

"Kin ba jikata guda guba, ba zan bar miki ɗayar ba!"

"Inna, don Allah... nono take sha, Inna! Wallahi ban fita ba, ke ma shaida ce!"

Inna ta juya mata baya. Haka aka sa Zuhaira a mota, kukan Kadi yana bin ta har bayan gari.

Kwana ashirin da uku ta yi a gidan kaso. Nononta ya kumbura har ya sa mata zazzaɓi, ga shi an ce mata Kadi ta ƙi nonon akuya, ta zama sai ido. Alhaji Falalu kuwa, dillalin da ke da izinin sayar da maganin a Tanout, da aka tambaye shi sai ya ce mai katin ce ta saya, don tsoron kada a ƙwace izininsa. Kowa ya wanke kansa ya bar marainiya da kaya. Ita dai kullum sai ta ɗaga hannu tana hawaye: "Ya Allah, kai ka ga abin da ya faru, kada ka raba ni da 'yata a kan abin da ban yi ba..."

Ranar shari'a aka jera jarkokin nan huɗu a kan tebur. Inna Tabawa tana zaune a gaba da Kadi a goye. Tun da aka ajiye su take ƙura musu ido, can sai ta miƙe tana dafa bango, ta ce a juyo mata ta bakin nan ta gani. Ai duk wanda ya taɓa hawa motar kasuwa tsakanin Tanout da Belbeji ya san jarkoki kamarsu ɗaya, don haka kowa yakan zana shaidar dabbobinsa a jikin tasa kada ta ɓace a lodi. Hannu ya saba, mutum yakan yi bai ma san ya yi ba.

Tsohuwa ta shafa zanen da ke jikin jarkar da yatsa. "Ranka ya daɗe, wannan shaidar gidanmu ce, ƙafar zabo. Ubansu ne ya raba musu: Safiyanu zane biyu a ƙasa, Barmo zane ɗaya. Ni na riƙe akuyar farko da aka yi wa. Nan zane ɗaya ne..." Ta juya ta dubi ɗanta. "Barmo! Kai ne? Ni na haife ka?"

Ɗakin ya ɗauki salati. Alhaji Falalu ya yi zumbur ya miƙe, gumi ya jiƙa masa riga. "A gafarce ni, ƙarya na yi! Shi ne ya zo da katin. Ya ce mini tana takaba ba ta iya fitowa, fara kuma ta sauka a gonar marayu. Har hawaye ya yi a gabana! Tausayi ya sa na ba shi."

Barmo ya ga babu hanyar fita, sai ya amsa cewa shi ya sace katin, shi ya jefa jarkokin bayan rumbunta, shi ya fesa wa farar magani a daji, ya share ta, ya dafa, ya shanya, ya kai kasuwa. Amma ku ji ƙarfin hali! Ya buɗe baki ya ce, "To, farar na yi kuskure. Amma maganin ai saye na yi, ban fasa shago ba, ban rage masa ko dala ba. Ina zamba a cinikin da aka biya?"

Alhaji Falalu ya ce, "Ko ninki goma ka ajiye, ba zan ba ka ba. Ba kuɗinka ne ya buɗe sitona ba, takabarta ce ta buɗe shi!"

Mai shari'a ya gyaɗa kai. "Ka ji amsarka. Ka shirya ƙarya don a miƙa maka abin da ka san ba za a ba ka da sunanka ba. Biyan da ka yi bai wanke ƙaryar ba. Wannan zamba ce, ga cutar da jama'a, ga ƙazafi." Ya tura Barmo kaso na shekaru, ya sa aka rufe shagon Alhaji na wata shida, ya ce a saki Zuhaira a mayar mata da katinta yanzu-yanzu. Masu jinya kuwa, har da Asibi, Allah ya tashi kafaɗunsu.

A bakin ƙofa Inna Tabawa ta kwance goyo, ta durƙusa a ƙasa, tsohuwa da furfurarta. "'Yata, na zalunce ki... ki yafe mini."

Zuhaira ta ɗago ta da sauri tana kuka. "Haba Inna, tashi! Yau kin ba da ɗanki don gaskiyata, me ya rage ban yafe ba?"

Ta karɓi Kadi, ta ji ta shafal kamar ba mutum ba. Ta zauna nan gindin bango ta lulluɓa mayafi, ta kai ta ƙirji. Yarinyar ta kau da kai, ta sake kau da kai... can sai ta shinshina, ta kama da ƙarfi, ɗan hannunta ya damƙe wuyan rigar uwarta.

Inna Tabawa ta share hawaye ta ce, "Sha, Kadi, sha! Uwarki ta dawo."