Jirgin da Ya Tsaya a Matacciyar Tasha

Malam Sha'aban ya baro Sandamu da hantsi, littafin rubutu a aljihu. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, matarsa Maijidda kuma ta rasu, gida ya yi masa faɗi. Sai ya ƙudurta rubuta tarihin tashar jirgin ƙasa inda mahaifinsa Dabo ya yi aikin canza layi, a wani ɗan gari can wajen hanyar Nguru.

Mota ta ɓata masa lokaci. Rana ta yi ja kafin mai babur ya sauke shi, ya juya ko sallama babu.

Tashar na nan, amma ta mutu. Kwanon rufi ya yaye, tumfafiya ta tsiro tsakanin dogo, warin kashin jemage ya cika ɗakin tikiti. Kan wani bencin siminti, wani dattijo ne zaune cikin tsohon kaki.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yauwa, ɗan Dabo. Ka daɗe ba ka leƙo mu ba."

Sha'aban bai faɗa masa sunan mahaifinsa ba. Duk da haka ya zauna, don ya kwana biyu bai samu abokin hira ba. Dattijon ya shiga ba shi labari: yadda ake jibge buhunan gyaɗa har su kere rufi, mata masu tallan fura da dafaffen ƙwai, da ranar da jirgi ya daina zuwa. Sha'aban na rubutu har ya daina ganin layin takarda.

Sai tsuntsaye suka yi tsit.

Ƙarfen dogo ya fara rawa ƙarƙashin rairayi.

"Baba, ai na ga an kwashe dogon ta gabas."

"An kwashe," in ji dattijon, murya ƙasa-ƙasa. "Ga shi nan tafe."

Warin kwal ya bugi hancinsa. Huci. Ƙugin ƙarfe. Baƙaƙen taragai suka gangaro ba fitila, suka tsaya. Kowace taga da mutum, babu mai ƙifta ido.

A taga ta uku, Maijidda ce.

"Ka rame," ta ce. "Wa ke dafa maka abinci?"

Hawaye ya zubo masa. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ɗora ƙafar dama kan matakala, sanyi ya ratsa shi har cinya.

"Shigo, Sha'aban. Na ajiye maka wuri."

Ya tsaya cak.

Shekara talatin da ɗaya suna tare, Maijidda ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ya yi a'uziyya da ƙarfi. Wani hannu ya cafki rigarsa. Rigar ta yage. Ya zura da gudu cikin gonar dawa, bai waiwaya ba, sai da ya zube ƙofar masallaci ana sallame magariba.

Mutanen garin suka tofa masa addu'a, suka ba shi ruwa. Babu wanda ya tambaye shi daga inda yake.

Ƙafar nan ba ta sake yin ɗumi ba. Ya rufe gidansa na Sandamu, ya koma Daura wajen 'yarsa Ummukulsum, kullum yana tsakiyar jikoki. Wata rana ta ce, "Baba, har yanzu jirgin ne ke damunka?"

Ya girgiza kai.

"Ba jirgin ba ne. Na gane ba uwarki ba ce, amma sai da na yi jinkiri kafin in janye ƙafata."