Ƙyallen Rigar Ango

Ana tsakiyar shagalin ranar hutu aka ji ƙarar bindiga a ƙofar gidan tsohon direba. Yara suka watse, tsoho ya yanke jiki ya faɗi. Kafin Sufeto ya iso, an tsinci bindigar a bayan shagon wanzami, wanda aka yi wa baiko da 'yar tsohon.

Tsoho na farfaɗowa ya ce, "Idan shi ne, wallahi na fasa ba shi 'yata."

Sufeto ya duba bango, ya duba ƙofa, babu ramin harsashi. Albarushi ne zalla aka ɗura, aka danne da tsumma. Ya tsinci tsumman a ƙasa, shuɗi ne, gefensa ya babbake.

Ya fara da mai bindigar, wani maharbi da hannunsa ke naɗe.

"Ranka ya daɗe, da wannan karayar ko cokali ba na riƙewa. A zaure take rataye, kowa na shiga."

Wanzami kuwa sai zufa yake. "Ina kan aski aka harba. Ga mutumin can da rabin kai."

Haka ne kuwa, ga shi can yana ta masifa.

Tela, abokin wanzami, ya matso yana gyara murya. "Yallaɓai, ko babu harsashi ai harbi cikin unguwa laifi ne, ko? Ɗauri ne?"

"Laifi ne. Da tsohon nan ya cika, da ka ga ɗauri." Sufeto ya ɗaga tsumman. "Ka san wannan?"

"Ƙwarai! Yadin rigar angoncinsa ne. Kaico, abokina!"

Kai, wannan tela akwai rawar kai. Sufeto ya juya ga wanzami. "Ka karɓi ɗinkin?"

"Ina fa! Kullum sai ya ce gobe."

"To, yadin bai bar shagonka ba, tela. Kuma ban gaya wa kowa babu harsashi ba."

Nan take kishin da ya daɗe yana cin tela ya ɓalle.

"Ni na fara ganin 'yar tsohon nan! Kowace riga a jikinta ni na ɗinka. Sai ga wannan ya kawo mini yadi yana washe baki, wai in fito da shi ango!"

Wanzami ya dube shi. "Ashe shi ya sa kullum gobe. Ni da na zaɓe ka babban aboki."