Batir a Sadakin Hajo

Hajo ta Sifawa ta rasa bijimai biyu na huɗa, ta kuma rasa gaisuwar wanta Garba damina guda cur. Abin da ta samu kuwa miji ne mai kwana da roba a hanci. Har yau ba ta yarda an ci ta a cinikin ba.

Duk wanda ya taɓa taya albasarta a kasuwar Bodinga ya san Hajo ba ta ragi. Tun tana yarinya, zamanin ostariti da ake layin sabulu, ta koyi riƙe farashi. Bayan rasuwar mijinta manema sun zo sun koma, Malam Attahiru na Dingyadi kaɗai ya tsaya. Ta yanka masa sadaki bijimai biyu, ya ce ya ji. Tana son sa ƙwarai, amma ba ta ga abin da ya haɗa so da rangwame ba.

Wata safiya tana tsince ruɓaɓɓun albasa a tsakar gida Garba ya shigo. Shi ke noma fadamarta tun da ta yi takaba, ya kuma san ranar da ta yi aure fadamar ta bar hannunsa.

"Hajo, gawa za ki aure. Mutumen ga inji ka yi mai numfashi in ya kwanta."

"Na sani, Yaya. Ɗiyatai ta sawo mai."

"Kin san da lamba jikin injin? Da bakinai yac ce min da tana arba'in, ta sauko har biyu. Kamar cajin waya. Rad da tak kai sifili sai a gina kushewa."

Albasar hannunta ta faɗi. Mijinta na fari da minshari ya kwanta, ya yi shiru, bai tashi ba. Ashe Attahiru ya san kwanansa na ƙarewa, yake zuwa yana mata dariya a zaure? Ta figi mayafi.

Ta tarar da shi a ƙofar gidansa da rana tsaka yana gyangyaɗi, bijimi ɗaya ɗaure a turke.

"Tashi, macuci. Takaba ta biyu kaka tara min?"

"Hajo, zamna in gaya miki..."

"Ban zama, kuma ban sayen magana ga mai haja. Ɗauko injin mu tai wurin likitar da tar rubuta maka shi."

A mota zuwa Sakkwato kansa sai faɗowa yake a kafaɗarta, tana ture shi.

Likitar mace ce. Ta zare wani ɗan kati daga na'urar ta sa a kwamfuta, sai ga layuka tsaye reras kamar kunyoyin gona.

"Likita, kar ki lallashe ni," in ji Hajo. "Kwana nawa ya rage mai?"

"Inna, lambar nan ba kwana take ƙirgawa ba. Tana faɗin sau nawa numfashinsa ke ɗaukewa a kowace awa yana barci. Da arba'in ne, da ya fara sa na'urar ya koma biyu. Saukar ita muke nema."

Hajo ta juya maganar a ranta. "Wato kamar ruɓa cikin buhun albasa. In ta yi kaɗan, haja ta yi kyau."

"Haka ne."

Har ta fara shirya abin da za ta faɗa wa Garba, sai idonta ya kai ƙarshen kunyoyin, inda wuri ya zama fili fetal. Ta dangwala yatsa. "Nan fa? Wa ya cinye shukar?"

"Kowane layi dare ɗaya ne da ya sa na'urar. Nan tun kaka bai kunna ta ba. Shi ya sa yake barci a zaune. Malam, wannan ne zai iya taɓa maka zuciya."

Hajo ta juya gaba ɗaya. Attahiru ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Wuta ba ta zama garinmu," ya ce a hankali. "Batir da farantin sola ka tada injin. Shanu sun yi tsada, Hajo. Na sai da su nic cika kuɗin bijimin ga na fari."

"Ka sai da numfashinka ka sai sa? Wa yac ce ka yi?"

"Ke kic ce biyu. Kuma kowa ya san ba ki ragi."

Ta buɗe baki ta zage shi, kuka ya riga zagin fitowa. Likita ta tura mata kujera.

Garba ya ji labari, ya taho har gida yana cewa ai shi gudun wahalarta yake. Hajo ta katse shi.

"Ka ji lamba ba ka san kanta ba, kaz zo ka kusa kashe min aure. In albasa ta fito ka kwashe taka, ka bar min fadamata."

Ya fita bai yi sallama ba. Sai da damina ta wuce ya dawo da kansa gaisuwa, ta ba shi tabarma.

Abin da Hajo ta gane shi ne, mai jin tsoro ya tambayi wanda ya sani kafin ya yanke hukunci, kuma farashin da zai kashe mai saye ba riba ba ne. Attahiru ya yi haƙuri da zafinta, haƙurin bai faɗi ƙasa ba.

Ran ɗaurin aure limamin Sifawa ya aiko a tambaye ta ko bijimi ɗaya ya wadatar, tunda shi ya samu. Hajo ta amsa daga bayan labule, yadda har na zaure suka ji.

"A maida bijimin kasuwa. Sadakina batir da farantin sola, sababbi, ba na hannu ba. Nawa na, ɗakina za a kafa su, kuma ni ka kunna injin. Ko wayar wuta guda ban ragewa."