Baƙo Daga Ƙasar Ƙanƙara

A wani zamani, a wani gari mai tsananin zafi, an yi wani attajiri mai son a gani a yaba. Ran nan ya dawo daga fatauci da ɗan kwikwiyo mai yawan gashi da shuɗayen idanu, irin karnukan ƙasar ƙanƙara.

Ya ce wa matarsa, "Wannan babban baƙo ne. Ya sha wuyar sanyi a garinsu. A karrama shi!"

Aka lulluɓe kwikwiyo da bargo, aka ajiye masa kaskon wuta. Kwikwiyo ya zaro harshe yana haki, ya sulale ya kwanta a gindin randa.

Matar ta ce, "Maigida, zafi fa yake ji."

Ya ce, "Ke me kika sani? Kunya ce irin ta baƙo. A ƙaro bargo!"

Aka ƙaro bargo, aka ƙaro garwashi. Kwikwiyo ya sake nufar randa, attajiri ya sa aka ɗaure shi.

Rana ta uku ya gayyato maƙwabta kallo. Aka yaye bargo, sai ga kwikwiyo sharaf, ko wutsiya ba ya motsawa. Matar ba ta jira izini ba, ta sungume shi ta kwantar a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, tana yayyafa masa ruwa har ya buɗe ido.

Attajiri ya share gumi, ya dubi maƙwabta ya ce, "Kun gani ko? Tun ranar farko nake gaya mata zafi yake ji!"