Makulli Biyu, Ɗaki Ɗaya

Auta na kokawa da kwaɗon ɗakin da ke ƙarshen baranda, katifarta a naɗe jingine da bango, sai ta ji sallama a bayanta. Wani dogon saurayi ne rungume da kwali cike da littattafai.

"Baiwar Allah, ina jin kin yi ɓatan kai. Wannan ɗakina ne."

Ta ɗaga masa makullinta. Ya dire kwalin ya zaro nasa. Iri ɗaya sak. Ashe dillali ne ya ba su ɗaki ɗaya, ya kashe wayarsa.

Mama Mai Gida, tsohuwar malamar makaranta da ta mayar da gidanta masaukin ɗaliban jami'a, ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ni dai mutum ɗaya na ce a kawo mini. Ku sasanta kanku."

Ranar ce Auta ta fara barin gaban iyayenta, ba ta san kowa ba. Saurayin ya ga idanunta sun ciko.

"Ki zauna," ya ce. "Ina da aboki a ɓangaren maza, zan lallaɓa a wurinsa. Sai dai ɗakinsa kamar akurki yake, ki taimaka ki ajiye mini littattafan nan."

Dogo ake ce masa, zanen gine-gine yake karantawa. Tun daga ranar kusan kullum da yamma sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sallama, wai ya zo ɗaukar littafi. Ƙawar da Auta ta samu a gidan, wadda ake kira Aku saboda surutu, ita ta fara gano shi.

"Littafin da ya karɓa jiya shi ya dawo da shi yau, ƙurar bangon ma tana nan. Ƙawata, ba karatu ke kawo shi ba."

Auta ta jefe ta da matashin kai, amma murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

In an yi layin famfo, Dogo ya riga ya sa mata bokitinta a gaba. In an ɗauke wuta ana tsakiyar girki, shi ke kawo risho. Ita kuma ta lura miyarta ta fara yin yawa, har sai an zuba wa ɓangaren maza. Wata safiya tana shirin tafiya aji saƙo ya shigo wayarta:

"Barka da asuba, mai ɗakina. Abokina ya yi minshari har gilashin taga na rawa, amma da na tuna kina can kina barci lafiya sai na ji ban yi asara ba."

Ta rubuta: "Wa ya ba ka izinin kirana da wannan sunan?"

"Ai gaskiya na faɗa. Ɗakina ne a hannunki. Zuciyar ma haka."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "To Dogona, zan riƙe amana."

Sai dai akwai ɗan aminin babanta, wanda 'yan gidan suka raɗa wa Mai Mota. Ya sha zuwa da tsaraba yana neman a kula shi, Auta ba ta wuce gaisuwa. Shi ya hango kwalin Dogo da rigar sanyinsa a kai, ya kai wa babanta labari da ƙarin gishiri.

Baba ya iso da hantsi ba sanarwa, Mai Mota ne ya kawo shi. Ya dubi kwalin, ya dubi 'yarsa.

"Karatu na turo ki ko ajiyar kayan maza? Tattara naki, gidan gwaggonki za ki koma." Ya karɓe wayarta ya sa a aljihu.

Dogo na dawowa daga aji ya hange ta a motar Mai Mota, kanta a sunkuye. Ya kira, waya a kashe. Ya tura saƙo:

"In kin yi zaɓi ne, Allah ya sanya alheri. Ki dai faɗa mini da bakinki."

Shiru. Ya daina cin abincin kirki, har abokinsa ya ce minsharin ma ya rasa mai yi masa ƙorafi.

Aku ce ta tare shi a bakin famfo. "Kai dogo ne har a tunani? Yarinya na can tana kuka saboda kwalinka, kai kana nan kana fushi." Ta zayyana masa komai, sannan ta wuce ta zayyana wa Mama Mai Gida.

Mama ta yafa mayafinta ta je ta sami Baba da kanta.

"Malam, ni ma uwa ce, kuma ba na barci da ido biyu a rufe. Yaron nan a ƙasa yake kwana, ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur, don 'yarka ta sami wurin sa haƙarƙarinta. Ko dokin ƙofarta bai taɓa tsallakewa ba. Irin wannan nemansa ake yi."

Kunya ta kama Baba. Ya ce a turo masa yaron.

Dogo ya zo ya durƙusa a gaban Baba.

"Kai da ko ɗakin kanka ba ka da shi, ina za ka ajiye mini 'ya?"

"Gaskiya ne, Baba. Amma zanen ɗakuna nake koya. In aka yi mini haƙuri, nata zan fara zanawa."

Dariya ta kuɓuce wa Baba. "To kowa ya gama karatunsa tukuna. Kafin nan, gaisuwa a gaban gwaggonta."

Da aka mayar mata da waya, saƙonta na farko gajere ne: "Tun a layin famfo na yi zaɓina. Ka ci abinci."

Suka kammala karatu, Dogo ya sami aiki a wani kamfanin gini, aka ɗaura aure. Aku ta yi kuka ta fi amarya, tana kukan tana ba da labari.

Da za a tafi da Auta, Baba ya kama hannun angon.

"Ɗana, ga ta nan. Tana da saurin fushi amma ba ta da riƙo. In ka ga ta yi shiru, kada ka tsorata, yunwa ce."

Aka fashe da dariya, Auta ta rufe fuska tana dariya tana hawaye. Baba ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa gidanku ya ishe ku ya ishi baƙonku."

Kowa ya amsa da amin, ta Dogo ta fi ta kowa ƙarfi.